Kada Ciniki Ya Bi Maigida Kushewa: Jawabi Kan Rajistar Kamfani

 



Da shugaba ya aiko mini cewa ni zan yi magana kan rajistar kamfani, sai na ce ko an yi ɓatan kai ne, don ni ba lauya ba ne, karatuna na allo ne da Islamiyya. Ya ce ai shi ya sa, lauya in ya tashi Turanci zai yi ta zuba mana har a watse. To, abin da na gani da idona da wanda na biya kuɗi na koya, shi zan faɗa. Inda na yi kuskure masana su gyara mini.

Na zo Badun ina saurayi, aka damƙa ni hannun wani dattijo fatoman goro, Allah ya jiƙansa da rahama. Wasunku sun san shi, ba sai na kama suna ba. Mutumin nan ba ya riƙe biro. Wa ya ɗauki huhu nawa, wa ya kawo kafin alƙalami, wane manomi aka ba kuɗi tun goro bai nuna ba, duk suna kansa, kuma bai taɓa ruɗewa ba. Baƙo zai taso daga Sakkwato ko Gashuwa ya ajiye masa jakar kuɗi babu shaida, ya dawo ya tarar da kayansa an ɗaure. Haka aka gina Sabon nan tun da aka kafa ta a 1916, da amana da sunan maigida. Ban zo nan don in rena wannan ba, a cikinsa na ci na sha na yi aure.

Amma ranar da ya cika, ciniki ya cika tare da shi. Kuɗin da ke banki da sunansa suke, banki kuwa da jin rasuwa ya rufe asusun, ya ce sai an kawo takardar izinin kula da gado daga babbar kotu. A cikin kuɗin nan akwai na baƙi uku da ba su da ko ƙyallen takarda. Iyali biyu ne, na nan da na gida Arewa, kowa na zargin ɗan'uwansa da ɓoye wani abu. Waɗanda ake bi bashi suka yi lamo, waɗanda ke bi suka cika zaure tun kafin sadakar bakwai. Kafin takardar kotu ta fito kaka biyu ta wuce, manoman da muka shekara ashirin muna saye a hannunsu sun koma wa wasu. Mu yaran gida goma sha ɗaya kowa ya kama gabansa. Babu wanda ya ci amanar wani a cikinmu, jama'a. Cinikin ne ba shi da ƙafar da zai tsaya a kai in ba ta maigida ba.

To, wannan ƙafar ita ce kamfani. A idon doka, kamfanin da aka yi wa rajista mutum ne mai zaman kansa, dabam da wanda ya kafa shi. Yana da sunansa, yana buɗe asusu, yana mallakar shago da mota da fili, yana cin bashi, a kai shi ƙara ya kai ƙara. Kuma ba ya mutuwa don mai shi ya mutu. Asalin maganar daga Ingila ta zo mana. Wani mai sana'ar takalman fata a Landan, Aron Salomon, ya mayar da cinikinsa kamfani a 1892. Ya ba matarsa da 'ya'yansa biyar hannun jari ɗaiɗai, shi ya riƙe 20,001 cikin 20,007. Da kasuwa ta juya baya, aka nemi a kama shi ya biya bashin kamfanin daga aljihunsa, tunda kowa ya san shi ne kamfanin. Shari'a ta kai har kotun ƙoli ta ƙasar, a 1896 ta yanke cewa Salomon dabam, kamfaninsa dabam. Har gobe lauyoyinmu da wannan hukunci suke kafa hujja.

Mu ma muna da abin dubawa a gida. Alhaji Alhassan Ɗantata ɗan goro ne kamarmu, ya yi fataucinsa tsakanin ƙasar Gwanja da Ikko da Kano. Ya rasu a 1955, amma sunan Alhassan Dantata & Sons bai bi shi ba, 'ya'yansa suka ci gaba da juya shi shekara da shekaru.

Yanzu ga inda da yawanmu muke ruɗewa. Hukumar rajistar kamfanoni, wato CAC, wadda dokar 1990 ta kafa, ba takarda iri ɗaya take bayarwa ba. Akwai rajistar sunan kasuwanci, irin su wane Enterprises ko wane Ventures. Wannan suna kawai ka yi wa rajista, amma kai ne shi, shi ne kai. In an biyo bashi har gidanka na Kano ana iya taɓawa, in ka mutu kuma ya zama cikin kayan gado kamar babbar rigarka. Na sha shiga shago in ga an yi wa irin wannan takarda firam an rataye, mai shagon yana cewa "kamfanina". Alhaji, in ka koma duba lambar da ke jiki. In ka ga BN, suna ne. In ka ga RC, kuma sunan ya ƙare da Limited, to shi ne kamfani. Ban ce rajistar suna banza ce ba. Mai teburi, mai shayi, yaranmu masu POS da aka tilasta wa yin rajista a 2024, ta ishe su, ta fi araha, ɗawainiyarta kaɗan ce. Amma wanda ke loda tirela, yana riƙe da kuɗin mutane, yana da yara a ƙarƙashinsa, ya wuce nan.

Lokacin da na yi tawa rajistar, a tsohuwar doka, dole sai mutum biyu, kuma mafi ƙarancin jari ₦10,000. Na sha zirga-zirga, fayil ya tafi Abuja ya dawo. Sabuwar dokar da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Agusta 2020 ta sauƙaƙa abubuwa da yawa. Mutum ɗaya tak yana iya kafa kamfani. Mafi ƙarancin jari ya koma ₦100,000, sai dai wasu sana'o'in da hukumominsu ke neman fiye da haka. Ƙaramin kamfani ba dole ne ya naɗa sakatare ba. Aikin duka ta intanet ake yi, satifiket ɗin ma ta nan yake fitowa ka buga abinka. Za ka fara da neman suna, a duba ko wani ya riga ka. Kalmomi irin su Federal da National da Group ba a sa su sai da izini na musamman. Daga nan a cike sunayen daraktoci da masu hannun jari, da lambar NIN ta kowa, da adireshin ofis, da irin cinikin da za a yi. Kana iya yi da kanka in kana da yaro mai ido, ko ka ba lauya ko akanta da hukumar ta amince da shi.

A nan ina roƙonku ku buɗe kunne. Wanda duk ka ba aikin nan, kada ka sa hannu sai an karanta maka an fassara maka wa aka rubuta darakta, wa aka ba hannun jari nawa. Ni da kaina na taɓa ba wani mai shige-da-fice, ya cika gurbin mutum na biyu da sunan yaron ofishinsa don ya huta da nemana. Sai bayan shekara uku na gano cewa a takarda ina da abokin tarayya da ban taɓa gani ba. Fitar da shi ya ci mini kuɗi fiye da rajistar. Lambar waya da adireshin imel da za a sa su zama naka ko na ɗanka, kada su zama na ɗan aike.

Rabon hannun jari shi ne zuciyar al'amarin, kuma ba baƙon abu ba ne gare mu. Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta babin ciniki a Risala ya ji bayanin tarayya, ya ji na ƙirali, inda mai dukiya ke ba da jari mai ƙarfi ya juya a raba riba yadda aka yi sharaɗi. Abin da kamfani ya ƙara shi ne rubutawa. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, can ƙarshen Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Mu da muka haddace ta mu ne kuma muke jin kunyar ce wa ɗan'uwa "zo mu rubuta", wai kada ya ga kamar ba a yarda da shi ba.

Ku ɗauka jarin kamfani an kasa shi hannu 100,000. Maigida ya riƙe 70,000, ƙanensa da suka fara tare 20,000, babban yaronsa da ya yi shekara goma sha biyar yana bin mota 10,000. Ranar da ta Allah ta kasance, abin da za a raba gado shi ne 70,000 ɗin nan. Mata su ɗauki tumuninsu, namiji ya ɗauki rabon mace biyu, yadda malamai za su lissafa. Ba a sayar da tirela don a fitar da tumuni, ba a tsaga shago biyu. Mota na kan hanya, asusu na aiki, kowane magaji ya san yawan hannunsa, in an ci riba a ba shi gwargwadonsa, in yana son fita 'yan'uwa su saye nasa. Takardar kotu dai ba a tsere mata ba, sai da ita za a juya hannayen zuwa sunan magada, amma ciniki ba ya tsayawa jiranta.

Sai dai wannan yana yiwuwa ne in akwai wanda zai riƙe linzami. Shi ya sa ni, duk da doka ta yarda da mutum ɗaya, ba na ba wa mai iyali shawarar ya zama shi kaɗai ne darakta, shi kaɗai ke sa hannu a banki. In ka yi haka ka koma gidan jiya, ka dai ƙara kashe kuɗin rajista. Sa mutum na biyu da ka yarda da shi, banki ya san shi tun kana raye. Kuma ina faɗa da babbar murya, 'ya'yanmu mata da muka kai makaranta suna iya wannan aiki. Tawa ce ke riƙe mini littafi yau shekara huɗu, kuma tun da ta karɓa ban ƙara neman rasit na rasa ba.

Kalmar Limited kuma kada ta ruɗe mu. Ma'anarta, in kamfani ya karye, abin da ke kanka shi ne kuɗin hannun jarin da ka ɗauka ba ka gama biya ba, ba a bin gidanka. Amma banki ba yaro ba ne, in zai ba ƙaramin kamfani rance yakan sa darakta ya tsaya da kansa ko ya kawo jingina, ka ga katangar ta faɗi ke nan. Wanda kuma ya yi amfani da kamfani ya damfari mutane, kotu na iya tsallake kamfanin ta kamo shi. Wannan ta fuskar doka ke nan. Ta fuskar addini, a nawa ɗan sanin, manomin da ya ba ka goro don ya san fuskarka bai san wata Limited ba, kuma ban ga yadda satifiket zai tsaya maka gobe kiyama ba. Malam Liman na nan, shi zai fi ni bayani, har da yadda zakka take a dukiyar tarayya.

Abu mafi wuya, wanda ni ma sai da na yi shekaru ina fama, shi ne raba aljihu. Kuɗin kamfani ba naka ba ne, ko da kai ke da shi ɗari bisa ɗari. Mun saba a zaro daga cikin ciniki a yi cefane, a biya kujerar Makka, a yi wa ƙanwa kayan ɗaki, a sallami maroƙi. Yanka wa kanka albashi, ka yi hidimarka a ciki. In shekara ta zagayo an ga riba, a raba a rubuta. In ka ɗauki wani abu bayan wannan, a rubuta bashi ne a kanka. Wanda ba zai iya wannan ba, wallahi gara ya zauna a rajistar suna, ya fi masa kwanciyar hankali.

Kuma kamfani yana da ci, kamar doki ne. Kowace shekara akwai bayanin shekara da ake kai wa CAC, in ka yi jinkiri tara na hawa, su sa maka alamar cewa kamfanin ba ya aiki, in abin ya yi nisa su soke sunan. Akwai bayanin haraji, wanda ake kaiwa ko an ci riba ko ba a ci ba. Ƙananan kamfanoni suna da rangwame, amma dokokin haraji an sake su a 2025, saboda haka kowa ya zauna da akanta ya ji matsayinsa, kada ya dogara da abin da aka gaya masa shekara biyar da ta wuce. Abin da kake samu a madadin wannan ɗawainiya shi ne ƙofofin da da suke rufe: kwangilar kai kaya masana'anta ko ta gwamnati, da rajistar fitar da citta ko riɗi ko zoɓo ta tashar Ikko da sunanka, maimakon ka tara kaya wani mai takarda ya ci ribar.

Ranka ya daɗe, kafin in zauna ina da roƙo ɗaya ga shugabanni. Hukumar nan tana da rajista ta uku, ta amintattu, wadda aka tanada don ƙungiyoyi da masallatai da makarantu. Bayan abin da ya faru a kasuwar Sasa a watan Fabrairu 2021, kowa ya ga yadda wuta ke cin takarda da kaya a dare ɗaya, ya kuma ga wahalar wanda ba shi da shaidar abin da ya mallaka. Ina roƙon kwamiti ya bincika filayen makarantunmu da masallatanmu, a ga da sunan wa takardunsu suke. In da sunan mutum ɗaya ne, komai kirkinsa, a mayar da su sunan amintattu tun yana raye ya sa hannu da kansa.

Wanda ke da satifiket a gida yana son a duba masa ko BN ne ko RC, ko yana son a ga shekara nawa ake bin sa bayanin shekara, ya same ni a shago bayan La'asar ran Asabar, yarinyar za ta zo da kwamfutarta. Ba a biyan ko kwabo, amma a zo da takardar ta asali da lambar NIN.