Zangarniya, Sa da Takobi: Lacca kan Tambarin Jamhuriyar Nijar



Tun kafin Nasara ya san hanyar ƙasashenmu, masu mulki suna da alamomin da ake shaida ikonsu da su. Sarkin Kano yana da tagwayen masu, Katsina tana da Gajere, takobin Korau, Shehu Usmanu kuwa, bayan hijirar 1804, tuta ya riƙa danƙa wa malaman da ya yi wa izinin jihadi a ƙasashensu. Duk wanda ya yi nazarin waɗannan zai tarar cewa a kan mai iko suke magana, da hujjar da ya hau da ita, babu ruwansu da abin da talaka yake kaiwa baki. Shi ya sa tambarin da gwamnatin Diori Hamani ta tabbatar a 1962, wanda muke gani kullum a bangon fasfo da saman takardun hukuma har ido ya saba ya daina lura, ya cancanci mu zauna kansa a yau.

Garkuwa ce, wadda doka ta ce koriya ce ko da yake masu zane sukan fito da ita fara, tana jingine a kan tutoci huɗu na ƙasa. A tsakiyarta rana ce mai haskawa. A hagun mai kallo mashi ne tsaye, takubba biyu irin na Abzinawa sun gicciye a kansa. A dama zangarniyar hatsi uku. A ƙasa kuma kan sa da ƙahoninsa. Maƙwabtanmu na Nijeriya sun zaɓi jar mikiya da fararen dawakai biyu da haɗuwar manyan kogunansu, Senegal ta ɗauki zaki da kuka. Mu babu zaki a namu, babu mikiya, kai, ko kogin Isa da ya ba ƙasar suna bai samu gurbi ba, kuma in Sarkawa masu su suka yi ƙorafi a kan haka, ni dai ba zan ga laifinsu ba.

Abin da nake so in jawo hankalinku gare shi shi ne zaman zangarniya da kan sa cikin garkuwa guda. A fahimtata wannan ba ado ba ne, alkawari ne, domin shekara guda kafin a zana tambarin, a watan Mayu na 1961, majalisar ƙasa ta kafa dokar da ta yanke iyakar noma ta arewa, ta bar abin da ke bayanta ga makiyaya. Waɗanda suka zana shi sun san sarai cewa zaman lafiyar ƙasar ya rataya ne a kan mu'amalar mai haiwa da mai sanda. Mu'amalar kuwa tsohuwa ce. Idan aka gama girbi aka ɗaure dammuna aka kai rumbu, Bafillace yakan sauko da garkensa ya kwana a gonar Bahaushe ko ta Bazabarme, shanun su ci kara su bar taki, mai gona ya auna masa hatsi, matar rugar ta kawo nono ta karɓi tsaba, ta yadda furar da za a dama da azahar ba ta yiwuwa sai da hannun su biyun.

Malamanmu na fiƙihu ba baƙi ba ne ga wannan mas'ala. Alƙur'ani, cikin Suratul Anbiya, ya kawo hukuncin Annabi Dawuda da Annabi Sulaimanu game da shukar da bisashe suka shiga da dare, kuma a cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik akwai ƙa'idar da alƙalanmu suka daɗe suna aiki da ita, cewa tsaron gona da rana yana wuyan mai ita, ɓarnar dare kuwa mai dabba ne zai biya. Kowane ɓangare an ɗora masa amana, ba a bar ɗaya ya zama abin zargi shi kaɗai ba.

To, amma ranar da ke tsakiyar garkuwar ba kullum take zama rahama ba. Farin 1973 ya ƙarar da garkuna, ya tsiyata rumbuna, har ya zama cikin dalilan da suka kayar da gwamnatin Diori a Afrilun 1974. Na 1984, wanda jama'a suka laƙaba wa El-Buhari, ya sake maimaita masifar. Jama'a ta yawaita, gonaki suka haye iyakar 1961 suka cinye burtali da mashaya, manoma suka fara kwashe kara suna sayarwa, sai ga shi a Toda, cikin jihar Maraɗi, a 1991, an zubar da jinin da har yanzu ba a ambatonsa sai da istigfari. Dokar karkara ta 1993 da ta kiwo ta 2010 an kafa su ne don gyara wannan ɓaraka, suka tanadi kwamitocin filaye da shata hanyoyin dabbobi.

A nan ne mashi da takubba suke samun ta'awilinsu. An saba cewa suna nuni ga jaruntakar magabata, na Songai da Azbin da Gobir da Damagaram, kuma ban musa ba. Sai dai a gefe aka ajiye su, ba a bisa zangarniya ko kan sa ba, kuma ni ina karanta su a matsayin ikon hukuma da aka ɗora wa raba gardama: shi ne ke sanya ranar sakin gonaki bayan kaka, shi ne ke kafa duwatsun burtali, shi ne ke ƙiyasta diyya idan an yi ɓarna. Ɗaliban shari'a da ke cikinku, ina roƙonku ku je ku zauna a zaman kwamitin filaye na wata karkara a watan Disamba, ku rubuta yadda ake yanke waɗannan hukunce-hukunce, ku kawo mana a majalisi na gaba.