Lissafin Wasa Da Amfaninsa Ga Aikin Mulki

Jawabin da Ma'aikacin Watsa Labaru ya yi wa hakimai da malamansu a Matsinkai, ƙasar Bagudo

Ni ɗanku ne, ban isa in koya muku mulki ba. Magana ɗaya na zo da ita, watau tambayoyin nan na lissafi da a ke jefa wa juna wajen hira, waɗanda mu ke ɗauka wasan yara ne, a cikinsu akwai dabarar da ta ke kashe gardama tsakanin manya.

Ga ɗaya. Fatake biyu suka haɗu a bakin Kwara a Lolo, kowa da buhunan shinkafarsa. Mai kaɗan ya ce, in an ba shi buhu ɗaya sun zama daidai. Mai yawa ya ce, in shi aka ba ɗaya ya ninka abokinsa. To, buhu nawa ke gare su?

Mai gaggawa sai ya yi ta canka. Mai lura kuwa sai ya sa wa abin da bai sani ba suna. Mu kira buhunan mai kaɗan "abu". Tun da buhu ɗaya ke daidaita su, mai yawa ya fi shi da biyu, nasa abu da biyu ke nan. In ya karɓi ɗaya, nasa ya zama abu da uku, na abokinsa ya koma abu ɗaya babu, ninkinsa kuwa abu biyu ne, biyu babu. Ashe abu da uku daidai ya ke da abu biyu, biyu babu. Maganar nan kamar ma'auni ce, abin da aka ɗora wa wannan gefe lalle a ɗora wa wancan. A ƙara biyu ko'ina: abu da biyar daidai da abu biyu. A ɗauke abu ɗaya ko'ina: abu shi ne 5. Mai kaɗan yana da 5, mai yawa 7. Ku gwada ku gani.

Wannan dabara sunanta aljabara, kuma ba baƙuwa ba ce a gare mu. Malam Muhammadu ɗan Musa Alhawarizmi ne ya tsara ta cikin littafinsa a Bagadaza wajen shekara ta 820, zamanin Halifa Ma'amun. Ma'anar jabru da Larabci ɗori, irin wanda maɗori ke yi wa karaya, gama gefen da ya tauye a ke cikawa. Adadin da ba a sani ba ya kira shi shai'un, watau abu, shi ne yaran makaranta ke rubutawa da harafin x. Babban sashe na littafin kuwa a kan wasiyya da rabon gado ya ke. A ƙasarmu ma an yi gwanaye. Malam Muhammadu ɗan Muhammadu Alfulani Bakatsine ya wallafa littafi a kan hatimi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741. Hatimi mai gida tara, wanda aka zuba wa 1 zuwa 9, jimlarsa 45, layinsa uku, saboda haka kowane layi 15 ne, ba abin da zai sāke shi.

Yanzu mu koma ofis. A ce an kawo wa hakimi buhun takin zamani 100, aka ce ya raba wa ƙauyuka uku gwargwadon gonakinsu: na biyu ya sami ninkin na farko, na uku ya fi na biyu da goma. Malamin hakimi sai ya kira rabon na farko abu, na biyu abu biyu, na uku abu biyu da goma. Duka abu biyar da goma, su ne 100. A cire goma, saura 90, a kasa biyar, 18. Rabon ya zama 18, da 36, da 46. In wani dagaci ya ce an ƙware shi, sai a karanta masa a bainar jama'a, ya bi da yatsansa. Rabon da aka yi da ka ba shi da shaida, wanda aka rubuta shi ne shaidar kansa.

Kun san labarin shanu 17 da uba ya bar wa 'ya'ya uku, wai babba rabi, na tsakiya sulusi, auta kashi ɗaya cikin tara. Suka rasa yadda za su yi, har wani dattijo ya ara musu saniyarsa suka cika 18. Babba ya ɗauki 9, na tsakiya 6, auta 2, dattijo ya kora tasa gida. Ba sihiri a ciki. Rabi da sulusi da tusu'i in an tara su kashi 17 ne cikin 18, ba su cika dukiyar ba tun farko.

A rabon gado na gaske a kan sami kishiyar wannan. Mace ta rasu ba ɗa ba iyaye, ta bar miji da shaƙiƙai mata biyu, da shanu 14. Miji yana da rabi, su kuwa sulusi biyu. A kan asalin shida, 3 da 4 ke nan, sun zama 7, sun zarce dukiyar. Tun zamanin Sayyadina Umaru aka warware wannan da abin da malamai ke kira auli: a mai da asalin bakwai, ragin ya shafi kowa daidai gwargwado. Kowane kashi shanu biyu, miji 6, kowace 'yar'uwa 4. Hukuncin na alƙali ne, ba na hakimi ba. Amma ƙofarku magada su kan fara zuwa da kukansu, kuma malamin da ya gane lissafin zai iya kwantar musu da rai tun zumunci bai ɓaci ba.

Saboda haka ina roƙon malamai abu uku: ku sa wa abin da ba ku sani ba suna, ku rubuta maganar kafin ku taɓa lissafi, sa'an nan ku mai da amsa cikin tambaya ku ga ko ta zauna. Ku kuma iyayenmu, in kun ji yara suna irin wannan wasa kada a kore su, gama cikinsu malaman gobe su ke.

Ga guzuri. Masunci ya sayar da rabin kifinsa da ƙarin ɗaya a Lolo, ya sayar da rabin sauran da ƙarin ɗaya a Illo, ya koma gida da uku. Da nawa ya fito? Allah ya sa mu gane, ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.