Jawabi Kan Cushewar Ciki da Kumburi

Kafin a buɗe akwatin asusu, ku ba ni aron kunnuwanku. Zan taɓo maganar da muke jin nauyin faɗa: ciki ya kumbura, yana murɗa, kwana uku ba a zagaya ba, in ma an je sai da nishi.

Ni ma na sha fama da shi. Kuɗina da yawa sun tafi wurin masu tallan maganin wankin ciki, a samu sauƙi kwana biyu, abin ya dawo. Ashe ni nake jawo wa kaina. Ina riƙe bayan gida har dare saboda kunyar idon mutane, ina rage shan ruwa don kada fitsari ya dame ni a gona. To, in kashi ya daɗe a hanji, hanjin yana tsotse ruwan da ke cikinsa har ya bushe ya yi tauri. Iska ta taru a bayansa, ciki ya ɗau murɗa. Ga kuma burodi, taliya da farar shinkafa kullum ba ganye.

Maganin yana cikin gidanmu. A sha ruwa tun da safe, a ci gaba da sha har yamma. A yawaita miyar kuka, kuɓewa, zogale, rama, da gwanda in an samu. Kunun tsamiya ma yana sassauta ciki. Wake kuwa a jiƙa shi, a zubar da ruwan kafin a dafa, iska za ta ragu. In ya matsa miki, ki tashi ki je, kada ki jira duhu. Kanwa kuma a sassauta mata, musamman mai jego, don yawanta yana wahalar da zuciya.

Masu juna biyu, ƙwayar ƙarin jini da ake bayarwa wurin awo takan sa taurin bayan gida. Kada ku daina sha, ku faɗa wa malamar asibiti.

Amma in ciki ya kumbura tim, ba kashi ba tusa, ga amai, ko aka ga jini, ko zazzaɓi ya biyo baya, kada a ba da maganin wankin ciki. A kira shugabarmu, a ciri kuɗin mota daga asusun taimakon gaggawa, a tafi asibiti a ranar.