Injin Ban-ruwa: A Duba Saitin Bawul Kafin Rani Ya Yi Nisa

 Gaisuwa ta musamman ga manoman rani na Shanga da Dugu Tsofo, da na Yelwa da Zamare, har zuwa Wara, duk inda ake jan ruwan Kwara da na tafkin Kainji ana shayar da shinkafa da albasa. Yau kan injin ban-ruwa za mu yi magana.

Malam manomi, ka san wannan hali: ka ja igiya ta yi tauri, har ta fizge maka hannu. Ko injin ya tashi lafiya da safe, da ya ɗau zafi sai ƙarfinsa ya ragu, ruwa ya riƙa ɗiga a bakin tiyo. Sai a ce fetur ne mara kyau, a canza fulogi, a wanke kafireta, amma ciwo yana nan. Sau da yawa ba can matsalar take ba. Tana ƙarƙashin ɗan murfin nan mai noti huɗu da ke kan injin, inda bawul biyu suke.

Ɗaya yana buɗewa fetur da iska su shiga, ɗayan yana buɗewa hayaƙi ya fita. Tsakanin kan kowane bawul da ƙarfen da ke danna shi, maƙera injin sun bar 'yar tazara da gangan, domin ƙarfe yana miƙewa in ya yi zafi. A tsohon samfurin injin Honda GX160, da yawancin injinan Chaina da aka ƙera a kan tsarinsa, tazarar bawul ɗin shan fetur milimita 0.15 ce, ta na hayaƙi kuma 0.20. Wato kaurin takardar littafi biyu, ko ƙasa da haka. In injinka sabon samfuri ne ko wani iri, bi lambar da ke littafinsa.

In tazarar ta yi yawa, za ka ji injin yana ƙas-ƙas, bawul ba ya buɗewa sosai, ƙarfi ya ragu. Kuma akwai wata 'yar dabara a cikin injin da ke ɗan ɗaga bawul ɗin hayaƙi lokacin tayarwa don igiya ta yi sauƙi. Tazara mai yawa tana kashe wannan dabara, shi ya sa igiya ke tauri. Amma ni wanda ya fi ba ni tsoro shi ne matsewa. Bawul ɗin da aka matse ba ya zama daram a mazauninsa, wuta tana bi ta gefensa har ta cinye shi. Shi kuwa ba ya ƙara, shiru yake ɓarna. Saboda haka bakaniken da ke matse noti har sai ƙara ta ɗauke, yana saiti da kunne, ba taimakonka ya yi ba.

To, yaya ake yi? Da farko injin ya huce sarai, ya fi kyau da sassafe kafin a tayar. Kashe makunni, rufe fetur, cire fulogi, sannan ka buɗe murfin. Toshe ramin fulogi da yatsa, ka ja igiya sannu a hankali. In ka ji iska tana turo yatsanka, ci gaba kaɗan-kaɗan har fistan ya kai ƙololuwa. Ana ganewa da siririn kara, kada a zura ƙarfe. A nan ne duka ƙarafan dannawa biyu za su riƙa ɗan motsi in ka taɓa su. In ɗaya ya ƙage, ba a wurin kake ba, sake zagayowa.

Sai ma'auni, siraran ƙarafan nan da makanikai ke kira filageji, kowanne da lambarsa. Bawul ɗin da ke ɓangaren kafireta shi ne na shan fetur, na ɓangaren salansa shi ne na hayaƙi. Riƙe babban notin da ke kan ƙarfen dannawa da sifana 14, sassauta ƙaramin da sifana 10, juya babban har ma'aunin ya riƙa shiga yana fita tsakanin kan bawul da ƙarfen dannawa da ɗan ja kaɗan. Riƙe shi, ɗaure ƙaramin, kuma ka sake aunawa, don ɗauri yakan gusar da saiti.

Masu jirgin ruwa, in injinku irin wanda ake gauraya wa fetur da baƙin mai ne, ba shi da wannan bawul, kada wani ya karɓi kuɗinku a kai.

Kamfanin Honda ya ce a duba tazarar duk bayan awa 300 na aiki, ko sau ɗaya a shekara. Mai ban-ruwa awa 6 kullum, cikin kwana 50 ya cika wannan adadi, shinkafarsa ko kai ba ta fitar ba. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, kowa ya san abin da lita ɗaya ke ci a aljihu, kuma injin da saitinsa ya kauce yana shan mai ne ba tare da ya biya da ruwa ba.

Roƙona gare ku, 'yan'uwa: ƙungiyar manoma ta kowace fadama ta sayi filageji ɗaya a ajiye. In kuma gareji za ku kai injin, ku ce wa bakanike ya auna a gabanku, injin yana da sanyi. Allah Ya ba mu rani mai albarka.