Kalangu Ma Ɗakin Gwaji Ne



Darasin sauti na cikin darussan da mu malaman firamare kan tsallake, muna cewa ba mu da kayan gwaji. Amma kayan suna nan a garuruwanmu, a hannun makaɗa.

Duk sauti daga karkarwa yake fitowa. Idan gula ta sauka a kan fatar kalangu, fatar takan yi karkarwa, ta tura iskar da ke kusa da ita, wannan kuma ta tura ta gabanta, har motsin ya iso dodon kunne. A cikin iska sauti kan yi tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa ɗaya. Shi ya sa muke ganin walƙiya kafin mu ji tsawa: kowace daƙiƙa uku da ke tsakaninsu na nuna nisan kusan kilomita ɗaya.

Abin da ya fi ruɗa ɗalibai shi ne bambanci tsakanin ƙarfin sauti da kaifinsa. Ƙarfi yana bin girman karkarwar. Kaifi kuwa yana bin yawanta a daƙiƙa ɗaya, kuma ana auna shi da hertz, sunan da aka ɗauko daga masanin Jamus, Heinrich Hertz. Kunnen yaro mai lafiya kan ji daga hertz 20 zuwa 20,000.

Makaɗin kalangu ya raba biyun tun kafin mu shiga kwaleji. In ya tsananta bugu, sauti ya ƙara ƙarfi. In ya matse tsirkiya a hammata, fata ta ɗame, karkarwa ta yawaita, sauti ya sirance. In ya sassauta, ya yi kauri. Da haka kalangu ke magana, domin Hausa harshe ne mai karin sauti. Ku furta "kuka" ta miya, sannan ku furta "kuka" na jariri. Baƙaƙe da wasula ɗaya ne, amma a ta farko murya takan sauka a gaɓar ƙarshe, a na biyu ta tsaya a sama. Ke nan yaron da muke cewa kimiyya ta fi ƙarfinsa yana sarrafa wannan doka a bakinsa tun yana goye.

Inda ba a samu kalangu ba, a ɗaure roba a bakin gwangwani, a ja ta, a saurara. Ko a jera kwalabe, a zuba musu ruwa daban-daban, yara su hura bakinsu. Wadda ta fi cika ita za ta fi siririyar murya.

Roƙona ga reshenmu shi ne, a taron ƙara wa juna sani mai zuwa a gayyato makaɗi guda, mu zauna gabansa da alli da littafi. In muka ci gaba da tsallake darasin, yaranmu za su isa sakandare suna haddar abin da ya kamata su ji da kunnensu.