Mu Nuna Wa 'Ya'yanmu Fim Ɗin Shaihu Umar

Iyaye da 'yan'uwa, in ana hirar finafinan ƙuruciyarmu a nan Jos, galibi na Indiya ake tunawa. Alhali kuwa akwai namu na gida, wato Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin marigayi Abubakar Tafawa Ɓalewa.

Shekara da shekaru ana zaton ya ɓata. Sai a 2016 aka gano shi a ma'ajiyar Hukumar Finafinai ta Nijeriya. Jamusawa suka taimaka aka gyara shi, har aka nuna shi a birnin Balin a 2018.

To jama'a, Turawa sun kalla, 'ya'yanmu fa? Labarin yaro ne da aka raba da uwarsa zamanin cinikin bayi, ita kuma ta ratsa hamada tana nemansa. A ciki yara za su ga tarihinmu, su ji Hausar da ba ta cakuɗe da Turanci ba.

Tun da hukumar nan tana garinmu, muna roƙon shugabanninmu su nemi a nuna mana shi, kowa ya zo da iyalinsa. Allah Ya sa mu dace, amin.