Abreu da Ƙungiyoyin Kiɗan Yara a Benezuwela

A shekarar 1975, José Antonio Abreu, masanin tattalin arziki kuma malamin kiɗa, ya tara matasa 11 a wani garejin motoci a birnin Karakas domin gwajin kiɗa, kuma daga wannan zama ne aka samu tsarin da ake kira El Sistema, wato shirin gwamnatin Benezuwela na koyar da yara kiɗa kyauta, musamman 'ya'yan talakawa. Ginshiƙin tsarin shi ne okestira, ma'ana babbar ƙungiyar makaɗa masu goge, busa da ganguna da ke bin hannun jagora ɗaya, inda ake sa yaro cikin ƙungiya tun da wuri maimakon a keɓe shi da malami shi kaɗai. A wasu cibiyoyin, ƙananan yara kan fara da gogen kwali wanda ba ya fitar da sauti, su koyi riƙo da zama da sauraren jagora kafin a damƙa musu na katako, sannan manyan ɗalibai su ne ke koyar da na ƙasa da su, abin da ya rage wa tsarin matsalar ƙarancin malamai.

Fitaccen ɗalibin Abreu shi ne Gustavo Dudamel, ɗan garin Barkisimeto, wanda ya lashe gasar jagorancin kiɗa ta Mahler a Jamus a 2004, ya kuma karɓi ragamar okestirar Los Anjeles a 2009. Masu sukar El Sistema sun koka da tsananin horo da dogaro ga gwamnati, kuma kokensu ya cancanci a saurara, sai dai lokacin da Abreu ya rasu a 2018, dubban ɗaruruwan yara ne ke halartar cibiyoyin da ya kafa.